Daga Turu Zuwa Shatar Mota: Tafiyar Mai Taɓin Hankali Daga Ƙasar Gaya

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san irin wannan asubar, ko a gidansu ko a maƙwabta. Saurayi ya kwana uku bai runtsa ba. Tun yana surutai shi kaɗai har ya kai ga fasa tukwane, jiya da daddare kuma ya ɗauki taɓarya ya tsaya a bakin zaure ya ce ba mai shiga. Mahaifiyarsa tana ɗaki tana kuka. An yi tofi, an yi hayaƙi, an ɗauko malam ya yi ruƙiyya. Bayan an sallame sallar asuba sai baffansa ya tsayar da mazan gidan a ƙofar masallaci, a yi magana ƙasa-ƙasa, a tsayar da shawara a kan a kai shi Kano. Daga nan ne tambayoyin da suka fi wuya suke tasowa. A me za a kai shi? Su wa za su riƙe shi? Wane direba ne zai yarda ya sa shi a motarsa?

A wannan tsayuwa ta ƙofar masallaci da wuya ka ji an ambaci 'yan sanda. A Amurka da Ingila kuwa shekarun nan muhawara ake ta tafkawa a kan yadda za a zare hannun ɗan sanda daga wannan aiki, domin a can idan hankalin mutum ya gushe aka buga lambar gaggawa, sau da yawa motar 'yan sanda ce ke zuwa, a bayanta kuma ake kai shi asibiti da ankwa a hannu. Mu mun daɗe muna kai namu da kanmu. Amma kafin mu yi wa kanmu kirari, mu tuna cewa da igiya muke kai su. Hanyoyi biyu muka gada, ta dangi mai igiya da ta hukuma mai ankwa, kuma ya kamata mu san inda kowacce ta samo asali kafin mu yi maganar ta uku.

A zamanin kakanninmu maganar kai mutum wani wuri ba ta cika tasowa ba, saboda babu wurin kaiwar. Wanda ciwonsa bai sa shi duka ko ɓarna ba, sai a bar shi. Ya zaga kasuwa, ya kwana a rumfa ko a zauren wani mai tausayi, mata su miƙa masa tuwo, yara su bi shi da tsokana manya su kore su. Kowa ya san ɗan gidan wane ne. Wanda kuwa ya zama abin tsoro, shi ne ake sa wa turu, wato gungumen icce mai nauyi da ake huda shi a zura ƙafar mutum a datse, ya zauna a ɗaki ko a gindin bishiya a bayan gida. Kalmar tana nan a bakinmu har gobe. Idan aka ce da mutum sai turu, an gama magana a kansa. Akwai kuma mari, ƙarfen da ake ɗaura wa ƙafafu, wanda sai maƙeri ne ke sa shi, shi ne kuma ke kwance shi. Mu mutanen Gaya muna alfahari da ƙira. A labarin Bayajidda maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Daura da ita, kuma Abagayawan Kano suna danganta asalinsu da maƙerin da ya taso daga Gaya ya je Dala neman tama. To, sana'ar da ta ƙera wuƙa da garma da lauje ita ce dai ta ƙera mari. Ba a cika faɗin wannan a wajen taro ba.

Kada mu yi wa mutanen da rashin adalci. Ba su da allurar da za ta kwantar da mutum cikin rabin sa'a, ga rijiyoyi a buɗe, ga gidajen kara da ciyawa waɗanda wuta ɗaya ta ishe su. Kuma tunaninsu a kan mai ciwon yana da tushe mai kyau. A fiƙihun da malamanmu suka karantar, wanda hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne, ba a kama shi da laifi kamar mai hankali, nauyinsa yana wuyan waliyyinsa. Saboda haka mara lafiya ne, kuma na danginsa ne. Idan za a yi tafiya da shi, wajen mai magani za a nufa: malamin da ya yi suna a wani ƙauye, ko boka, ko 'yan bori masu girka. A ɗora shi a kan jaki ko a tasa shi a gaba da ƙafa, da ƙaninsa da kawunsa, wani lokaci da mahaifiyarsa ɗauke da ƙullin gari da daddawa, domin zama za a yi, mai yiwuwa na watanni. Wanda ya raka shi shi ne zai yi jinyarsa, shi zai dafa masa abinci, shi zai komo da shi gida. Mu riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a inda ba mu zata ba.

Hanya ta biyu da Turawa ta zo. Sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma tun kafin nan suna da tsarinsu a bakin teku. Kafin a sami gidan masu taɓin hankali a Nijeriya, daga Legas a jirgin ruwa ake tura wasu har Kissy da ke ƙasar Saliyo. An buɗe na Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. A 1916 aka kafa dokar da ta tsara yadda za a riƙa tsare su. Wanda ya duba wannan doka zai ga cewa tsaron jama'a ne damuwarta, warkar da mai ciwo ya zo daga baya. Likita yana iya sa a tsare mutum na kwana bakwai don a lura da shi, majistare ne kuma zai yi bincike ya ba da umarnin a ci gaba da tsarewa. An raba mutanen gida biyu, waɗanda suka aikata laifi da waɗanda ba su aikata komai ba, amma sau da yawa bango ɗaya ne ya kewaye su duka.

A nan Arewa, inda Turawa suka yi mulki ta hannun sarakuna, nauyin ya faɗa kan En'e. Mafi yawan waɗanda hukuma ta tsare saboda taɓin hankali a gidajen yari aka ajiye su, ko a wani sashe da ke maƙale da gidan yarin. Hanyar zuwa can kuwa ita ce hanyar da ɓarawo ke bi. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, wanda a ƙasarmu shi ne Sarkin Gaya, a gurfanar gaban alƙali, sannan a haɗa mutum da dogarai, daga baya da 'yan doka, su tasa shi zuwa birni. Daga Gaya zuwa Kano kilomita sittin ne da ɗoriya. Kafin mota ta wadata tafiyar kwana biyu ce a ƙasa, da ƙetare kogin Wudil a tsakiya. A yi tunanin mutumin da ya riga ya yarda cewa ana binsa za a kashe shi, sai ga masu jajayen riguna sun ɗaure shi suna jansa a gaban jama'a daga wannan ƙauye zuwa wancan. Duk abin da ciwon ke raɗa masa a kunne, tafiyar ta gaskata shi.

Su kansu Turawan sun san abin bai yi ba. Likita Cunyngham Brown, wanda aka turo ya duba yadda ake kula da masu taɓin hankali a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, ya fitar da rahotonsa a 1938, shi ma J. C. Carothers ya rubuta nasa a kan Nijeriya a tsakiyar shekarun 1950, kuma dukkansu sun nuna cewa tsarewa ake yi, magani kaɗan ne. Talakawa ba su jira rahoto ba. Sun riga sun gane cewa wanda aka miƙa wa hukuma da wuya ya dawo, sai suka ƙara ɓoye nasu a bayan gida. A ganinmu daga nan ne tsoron nan ya samo asali, wanda har yanzu yake sa baffa ya gwammace ya nemi igiya da ya doshi caji ofis. An haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yarin En'e sun koma hannun gwamnatin tarayya a ƙarshen shekarun 1960, amma tsoron bai bi su ya tafi ba.

Abubuwa biyu suka faru a shekarun 1950 waɗanda da an bi su sau da ƙafa da labarin ya canza. Na farko, a 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil, wanda ya nuna cewa ana iya kwantar da mai tsananin ruɗewa ba da sarƙa ba. Na biyu a ƙasar nan ya faru. Likita Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abekuta, ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a Aro, a 1954 kuma ya fara wani tsari da duniya ta zo tana kallo. Maimakon ya kulle marasa lafiya a asibiti, sai ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye da Aro, aka riƙa saukar da su a gidajen mutane. Sharaɗinsa shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa, galibi uwa ko 'yar'uwa ko inna, wadda za ta zauna tare da shi, ta dafa masa, ta rako shi asibiti da safe a ba shi magani, su koma masauki da yamma. Ya kuma yi aiki tare da wasu masu maganin gargajiya, abin da ya jawo masa surutu daga abokan aikinsa.

Wannan ai ita ce tafiyar kan jakin nan tamu, da ƙullin gari da daddawa. Lambo bai ƙago rakiyar dangi ba, ya tarar da ita ne a ƙauyukan Yarabawa kamar yadda take a namu, ya cire mata turu ya sa mata likita. Ya fahimci cewa mai ciwon da ya ga fuskar da ya sani a kusa da shi ya fi saurin natsuwa, kuma wanda ya yi jinyar shi ne zai san alamun ciwon idan ya tashi dawowa. Abin takaici, ƙasar ba ta ɗauki wannan ta baza shi ba. Aka gyara tsohuwar doka aka sake fitar da ita a 1958, ta zauna daram har shekara sittin da huɗu. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya zo da sashe na 231, wanda ya mai da yunƙurin kashe kai laifi da za a iya ɗaure mutum har shekara ɗaya a kansa. Iyalin da 'yarsu ta sha guba saboda ciwon damuwa, in sun kira hukuma, suna iya jawo mata tuhuma. Wa zai kira?

Abin da muka gina a maimakon tsarin Aro shi ne manyan asibitoci 'yan kaɗan a manyan birane: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, mu kuma a Kano muka sami na Dawanau, wanda daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, da sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitocin wannan fanni a duk ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kusan dukkansu a birni suke. Da aka yi haka, sai tafiya ta zama rabin jinya.

Mu dubi hanyar da kyau. Dawanau tana kan titin Katsina, arewa maso yamma da birni. Mu kuma daga gabas muke. Wanda ya taso daga wani ƙauyen Ajingi sai ya fara fitowa bakin titi, da damina mai yiwuwa a kan babur ko amalanken shanu, sannan ya biyo ta Gaya ya haye gadar Wudil, ya shigo ta Mariri da Hotoro, ya ratsa birnin Kano tun daga wannan gefe har wancan, ya wuce Kurna, kafin ya isa. In ranar Juma'a ce, ga cunkoson kasuwar Wudil. Dutse ta fi kusa da Gaya a kan Kano, amma tun da aka yanke Jigawa a 1991 ƙafarmu ta saba da nufar yamma, kuma sunan da kowa ya sani shi ne Dawanau.

Motar haya ta gama-gari ba ta ɗaukar irin wannan fasinja, don sauran fasinjoji ba za su yarda ba. Dole sai shata. Direba ya dubi mutumin, ya dubi gilasan motarsa, ya faɗi kuɗin da ya haɗa da tsoronsa a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin ya ƙara tashi, har ya zama sai an sayar da akuya ko buhun gero kafin a motsa. Sannan a nemo majiya ƙarfi uku ko huɗu, waɗanda kowannensu ya bar gonarsa ko sana'arsa ta ranar. Sau da yawa da yaudara ake fara tafiyar. A ce masa za a je gaishe da gwaggo, ko za a je sayo masa waya. In ya gane, a kama shi a kayar, a ɗaure hannuwa ta baya da rawani ko igiyar shanya, a tura shi kujerar baya. Mun ga wannan da idonmu fiye da sau ɗaya, mun kuma taya riƙewa, saboda haka ba daga kan tudu muke magana ba.

Akwai haɗari a cikin wannan da yawancinmu ba mu sani ba. Mutumin da aka kifa a kan cikinsa, hannuwansa a ɗaure ta baya, wani ya danne masa gadon baya, numfashinsa na iya tsayawa cikin 'yan mintoci, musamman in ya daɗe yana kokawa kuma ana zafi. Shirun da zai yi, wanda masu riƙon za su ɗauka ya haƙura ne, yana iya zama shirun ajali. Akwai kuma wani kuskuren. Ba duk wanda ya ruɗe farat ɗaya ne yake da ciwon taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa yana sa haka, sanƙarau yana sa haka, faɗuwar sukari a jini, buguwa a ka, farfaɗiya, da ciwon da kan kama mace a kwanakin jego. Mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya da aka wuce da shi ta ƙofar babban asibitin Gaya aka nufi Dawanau, an ɓata masa sa'o'in da ransa ke rataye a kansu.

'Yan sanda suna shigowa labarinmu ne a wurare biyu. Na farko idan an zubar da jini ko mutum ya ɗauki makami, a nan kuwa ba mu da ta cewa, dole a kira su, ko da yake kafin su iso 'yan sintirin unguwa sun riga sun yi abin da za su yi da gora. Na biyu a kan hanya, a shingen bincike, inda za a leƙo a ga mutum a ɗaure a bayan mota yana ihun a cece shi za a sace shi. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane ba za ka ga laifin wanda ya tsayar da motar ba. Shi ya sa dattawa masu dabara suke karɓar 'yar takarda daga mai unguwa ko dagaci kafin a tashi.

Daga 2018 abin da ke ɓoye ya fara fitowa fili. A ƙarshen Afrilun shekarar BBC ta fitar da bincikenta a kan maganin tari mai kodin, aka nuno matasa a Kano ɗaure da sarƙa a wurin da aka kai su don a raba su da shaye-shaye, gwamnatin tarayya kuma ta hana yin maganin da shigo da shi nan take. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa. A Oktoba aka yi irin haka a Daura, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. A Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa ya game ƙasar, a gidajen addini na Musulmi da na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da wasu wuraren gwamnati. A watan Agusta na 2020 kuma aka yi ta fito da mutanen da danginsu suka kulle a gida a jihar Kano, ciki har da wani a Rogo da aka ce ya shekara talatin a ɗaure.

A nan ɗan sanda ne ya kwance, dangi ne suka ɗaure. Wannan ya isa ya hana mu ɗauko muhawarar Amurka ɗungurungum mu dasa a Gaya. Ya kuma kamata mu tambayi kanmu abin da ya sa gidan mari ya yi kasuwa. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ba ya mai da kowa, kuma wasu har aiko ƙarti suke yi su ɗauke maka mutum daga gida. Wato sun warware wa iyali matsalar tafiya, wadda asibiti bai taɓa warwarewa ba. Aka rufe su, aka miƙa mutanen ga danginsu, kowa ya koma gida da nasa.

Duk da haka akwai abin dubawa a waje. A garin Eugene na jihar Oregon a Amurka, daga 1989 wata ƙungiya mai suna CAHOOTS ta riƙa tura mutum biyu a mota, ma'aikacin lafiya da ƙwararre wajen lallashin wanda ya ruɗe, ba bindiga ba ankwa. Bayan mutuwar Daniel Prude a birnin Rochester a 2020, mutumin da ɗan'uwansa ne ya kira neman taimako saboda hankalinsa ya gushe, 'yan sanda suka danne shi a kan titi har ya daina numfashi, birane da dama suka kwaikwayi irin wannan tsari. A Stockholm ta ƙasar Suwidin an fito da motar gaggawa ta masu taɓin hankali a 2015, da nas-nas biyu na fannin da direba, a cikinta kujeru ne na zama a yi hira maimakon gadon kwantar da mutum. 'Yan sandan Landan kuwa da kansu suka ce daga Nuwamban 2023 sun daina amsa irin wannan kira sai in rai na cikin haɗari. Motocin nan sun fi ƙarfin aljihunmu, kuma ko a Eugene aikin CAHOOTS ya tsaya a 2025 saboda rashin kuɗi. Abin ɗauka a ciki shi ne abin da suke koya wa ma'aikatansu, wanda ba ya cin ko sisi: mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa, a kori 'yan kallo, a kawar da wuƙa da taɓarya, kada a yi gardama da abin da yake gani ko yake ji, a gaya masa gaskiyar inda za a je, a ba shi lokaci.

Misalin da ya fi kusa da mu a tashar mota yake. Shekarun baya, da aka ga mata suna mutuwa wajen haihuwa saboda rashin abin hawa, sai aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya har da Kano. Aka horar da direbobin sa kai a kan yadda ake ɗaukar mace mai naƙuda, aka raba lambobin wayarsu a ƙauyuka, aka yi yarjejeniya cewa ba za su tsawwala kuɗi ba. Ladan da ake ba su a tasha shi ne, wanda ya kai mace asibiti, in ya dawo sai a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Maƙwabtanmu na Jigawa sun yi nasu shirin mai suna Haihuwa Lafiya. Ba a sayo jirgi ba, ba a gina sabon ofishi ba. Motocin da ke nan ne, da mutanen da ke nan.

Ba mu ga abin da zai hana a yi wa mai taɓin hankali irin wannan ba. Direbobi biyu ko uku a tashar Gaya da ta Ajingi da aka san sun yarda, aka koya musu abin da za su yi da wanda ba za su yi ba, misali a zaunar da mutum a tsakiyar kujerar baya, a zaune, da wanda ya fi yarda da shi a gefensa, kada a taɓa kifa shi. Ma'aikacin lafiya na ƙauye da za a kira ya fara zuwa ya auna zafin jiki da sukari. Takardar mai unguwa saboda shinge. Zango na farko kuma ya zama asibitin Gaya, inda za a tantance ko ciwon jiki ne, a ba da maganin da zai kwantar da shi, a buga waya Dawanau kafin a kama hanya, in ma har tafiyar ta zama dole. A takarda an daɗe da yarda da wannan. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. Sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci. Sai dai sa hannu a Abuja ba ya zuba mai a tankin mota a Ajingi. Masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu. Tsanin da aka bi a da aka miƙa mutane ga dogarai yana nan, ana iya bin sa a kira direba da malamin asibiti.

Akwai ɓangaren tafiyar da ba a lissafa shi a tsayuwar ƙofar masallaci, wato dawowa. Bayan mako biyu ko uku saurayin nan zai dawo gida a natse, da sawun igiya a wuyan hannunsa, yana jin nauyin haɗa ido da waɗanda suka danne shi, su ma suna jin nauyinsa. Za a ba shi magani na wata ɗaya da katin ranar komawa. Wata na farko za a je. Na biyu a ranto kuɗin mota a je. Na uku ya zo daidai da shuka ko girbi, ga shi kuma ya warware har yana zuwa gona, sai a ce a bari sai wani watan. Maganin ba a samunsa a kemis ɗin ƙauye, in an samu ma ba a tabbatar da ingancinsa ba. Bayan 'yan watanni barci ya fara ƙaurace masa. Wannan karon in aka ce masa ya shirya za a je gaishe da gwaggo, ya riga ya san inda motar za ta.